Motar katako ta TikTok da Fijo 504 ta Ƙofar Dawanau: abin dubawa kafin a tura kuɗi

Duk wanda ya saba zagaya TikTok ko Instagram da daddare ya taɓa cin karo da ita. Doguwar mota ce mai faffaɗan baya, gefenta lulluɓe da katako mai sheƙi kamar ƙofar falon attajiri, an ajiye ta bakin teku ko gaban wani gidan gona a Amurka, ana zagaya ta da kyamara a hankali. A ƙasan irin wannan bidiyo ba a rasa masu tambaya: nawa take, kuma ana samunta a Najeriya?

Da wuya a same ta. Amma tana da 'yar uwa a nan gida, kuma wanda ya ɗan tsaya bakin titi a wajajen Ƙofar Dawanau zai iya dacewa ya ga wucewarta. Cikin 'yan adaidaita sahu da J5 da a-kori-kura masu jigilar hatsi tsakanin kasuwar Dawanau da cikin gari, jefi-jefi Fijo 504 wagon kan ratso, bayanta ya zauna saboda nauyin buhuna, fentinta ya koɗe. Ita ce wadda iyaye da kakanni suka hau zuwa Katsina da Daura da Maraɗi. Ita ce kuma tsohuwar motar iyali da matashin Kano zai iya saya da gaske, ya kuma iya riƙewa. Sai dai cinikinta ba irin cinikin waya ba ne a Farm Centre, inda za a kunna, a gwada kyamara da batir, a biya, a tafi.

Katakon nan yawancinsa leda ce

Da farko katakon na gaske ne. A farkon zamanin mota a Amurka, kafintoci ne ke haɗa bodin motocin da ke ɗauko fasinja da kayansu daga tashar jirgin ƙasa, daga nan ma sunan station wagon ya samo asali. A 1929 kamfanin Ford ya fara sayar da irin wannan mota a jerin Model A, kuma yana da dazuzzukansa da masana'antar katako a garin Iron Mountain na jihar Michigan. Motocin sun yi kyau, amma sun wahalar da masu su: katako na buƙatar gogewa da sabon mai akai-akai, yana kumbura, yana ƙara, yana ruɓewa. Buick ta 1953 ce ta ƙarshe a Amurka da aka yi wa bodi da katakon gaske.

Daga nan sai aka koma ƙarfe, aka bar kamannin. Ford Country Squire, wadda aka ci gaba da ƙerawa har 1991, da Jeep Grand Wagoneer da ita ma ta tsaya a 1991, da Buick Roadmaster Estate da ta kai 1996, duk ƙarfe ne aka manna wa leda mai zanen katako. Wato mafi yawan motocin da ake mutuwar so a bidiyo sitika ce a jikinsu, irin wadda ake manna wa bayan waya, sai dai ta fi girma da kauri.

Wadda ta riƙe katakon gaske har ƙarshe ita ce Morris Minor Traveller ta Ingila, daga 1953 zuwa 1971. A jikinta katakon ba ado ba ne, shi ke ɗauke da bayan motar gaba ɗaya. Idan ya ruɓe, motar ce ta ruɓe.

Ko da mutum yana da kuɗin, akwai abubuwan da za su tare masa hanya. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun Afrilun 1972, dokar hanya kuma ba ta amince da mota mai sitiyari a dama ba, alhali yawancin Morris haka suke. Dokar shigo da motoci ta taƙaita shekarun motar da za a kawo, mai shekara talatin ko hamsin ta wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Roadmaster kuwa injinta silinda takwas ne, lita 5.7, a ƙasar da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Sannan ga yanayin Kano. Hunturu zai busar da katako ya tsage, damina ta kumbura shi, gara kuma tana jira a gareji. Masu manyan motocin katako da ke lodi a Dawanau sun san wannan aiki, shi ya sa kafintocin bodi ba sa rasa ciniki.

Tsohon yayi ba lallai tsohuwar mota ba

Peugeot ta fitar da 504 a Faransa a 1968, ta lashe kyautar motar shekara ta Turai a 1969, mai dogon baya kuma ta biyo a farkon shekarun 1970. Ba salun ce kawai aka ƙara wa rufi ba. An tsawaita tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya daga mita 2.74 zuwa 2.90, aka ɗora bayan a kan sandar ƙarfe guda mai sufirin huɗu, biyu a kowane gefe, don ɗaukar nauyi. Samfurin da Faransawa ke kira Familiale layin kujeru uku gare shi, na mutum bakwai, ko da yake tashoshin mota a nan ba su taɓa yarda da wannan lissafi ba. A 1975 wata 504 ta ci gasar tseren Safari a Kenya, direbanta Ove Andersson, abin da ya ƙara mata suna a Afirka.

A shekarar 1975 ɗin ne kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Ba da jimawa ba ta zama motar jami'an gwamnati, motar asibiti, motar haya, motar ɗan kasuwa da malamin makaranta. Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har 2006.

Wannan tarihi yana da amfani ga aljihun mai saye. Fijo 504 da ta yi kama da ta zamanin Gowon tana iya zama ta shekarar 2003, ƙanwar Corolla da yawa da ke yawo a gari. Mai neman motar hawa ya fi dacewa da irin waɗannan na baya-bayan, kamar waɗanda aka sayar da sunan Bestline. Mai neman ta tarihi, ta ajiya da nunawa, shi ne zai damu da ta shekarun 1970, kuma shi ne dillali zai fi saurin yi wa ƙarin shekaru da baki. Wanda ba ya son ya yi jayayya da dillali sai ya nemi ƙaramin farantin ƙarfe da ke cikin ɗakin inji, ya ɗauki hotonsa, ya gwama da takardu.

Babban abin da ya sa 504 ta fi kowace tsohuwar wagon dacewa da ɗan Kano shi ne kayan gyara da masu gyara. Daga Ƙofar Dawanau zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ba wata tafiya ba ce, kuma can ne matattarar kayan mota, sabo da na hannu. Akwai bakanikan da suka yi shekara talatin ba su taɓa wata mota ba sai Fijo. Abin lura kawai shi ne yawancinsu sun manyanta, yaran da ke tasowa kuma Toyota da Honda suka koya. Don haka neman bakanike ya kamata ya zo kafin neman mota.

Inda na'urar duba mota ba ta da aiki

Matasa da yawa yanzu suna da 'yar na'urar nan ta ELM327 da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja kamar Torque ko Car Scanner ta karanto matsalolin inji. Wanda zai je duba 504 ya bar ta a gida. Ramin da ake soka ta, OBD-II, sai a 1996 ya zama tilas a Amurka, a Turai kuma 2001 ga motocin fetur. Galibin 504 da ke nan kafireto gare su, babu kwamfuta, babu abin da za a karanta. Shafukan binciken tarihin mota irin su Carfax su ma ba su da labarinta, domin motocin Amurka da Kanada suka fi sani, ba wadda aka haɗa a Kaduna ba.

Abin da ya rage shi ne ido da kunne da hanci, sai fitilar waya da ɗan maganaɗisu.

Bodi ne farko, ba inji ba. Injin 504 na fetur, mai lita biyu, ana iya sauke shi a gyara ko a sauya gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Bodin da tsatsa ta cinye ko ya tsage kuwa rami ne da ba ya cika. A nan busasshiyar iskar Arewa ta yi wa mai saye rana: motar da ta yi rayuwarta a Kano ko Katsina ta fi wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal tsira daga tsatsa. Amma wagon tana da nata ciwon, wato lodi. Wadda ta yi shekaru tana haya, da mutum goma da buhuna a kan rufi, za a ga alamun walda a ƙarƙashinta, musamman inda sufirin baya ke zama. Sai an ɗaga kafet an haska ƙasan motar, an duba gindin ƙofofi, da kewayen gilashin gaba, da ƙasan murfin baya inda ruwa ke kwanciya. Maganaɗisun, a naɗe shi da ƙyalle a bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin, fila ce masu gyaran bodi suka cike aka bi da fenti. Sabon fenti mai ƙyalli a kan tsohuwar motar da ake son sayarwa abin tambaya ne, ba abin murna ba.

Duba inji kuma da sassafe ake yi, kafin mai mota ya tayar da ita. A taɓa injin a tabbatar da sanyi yake, domin inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi. Mutum ɗaya ya tayar, ɗaya ya tsaya a baya yana ɗaukar bidiyon salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai. Baƙi na nufin kafireto na zuba fetur fiye da kima. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi na nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Idan an buɗe murfin zuba baƙin mai aka ga abu kamar kunun gyaɗa ya manne a ciki, ruwa da mai sun haɗu, ke nan gasket ya ƙone ko kan injin ya lanƙwashe. Kan injin 504 na alminiyom ne, ba ya yafe zafi, ga shi an saba cika lagireto da ruwan rijiya tsawon shekaru har ya toshe. Gwajin gaskiya shi ne a shiga da ita cunkoson rana tsaka, a bar ta tana aiki a tsaye, ido na kan allurar zafi.

Mitar da ke ƙirga tafiya ba abin dogaro ba ce, a yawancinsu ta daɗe da tsayawa. Lalacewar robar feda da sitiyari da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya.

Motar marigayi

Mafi kyawun 504 da suka rage ba a tasha suke ba, suna cikin garejin gidaje, an lulluɓe su da tamfol tun rasuwar mai gidan. Alhaji ya saye ta sabuwa, ya yi ta lallaɓa ta, ba ta taɓa haya ba. Irin wannan ce kowa ke mafarki, kuma ita ce ta fi jefa mai saye cikin rigima.

Motar mamaci gado ce. Muddin ba a raba ba, ta dukkan magada ce, har da mata da ƙananan yara da wanda ke zaune a wani gari. Ɗa guda da makulli ke hannunsa ba shi da ikon sayar da ita shi kaɗai, ko da kuwa shi ne babba. Wanda ya biya shi ya ja mota, ya kashe kuɗin fenti da inji, yana iya samun sammaci daga kotun shari'a bayan wata shida, a lokacin da kuɗin ya riga ya narke. Kafin a yi maganar farashi, a nemi takardar rabon gado da ta nuna motar ta faɗa rabon mai sayarwa, ko rubutacciyar amincewar magada da shaidu. Wanda ya ji haushin wannan tambaya ya riga ya ba da amsa.

A ɓangaren takardu ne waya ke da amfani na sosai. Shafin NVIS na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC yana nuna irin motar da aka yi wa rajista da lambar da aka shigar. Rumbun bayanan inshora na NIID yana nuna ko takardar inshorar ta gaske ce ko ta bakin titi. 'Yan sanda kuma suna da rajistar motoci ta CMR, inda ake shigar da waɗanda aka sace. Motar da ta daɗe a ajiye tana iya ɗauke da tsohuwar lamba ta kafin sauyin 2011, wadda ba lallai ta fito a intanet ba, ke nan sai an je ofishin lasisi da ƙafa. Lambar bodi da lambar inji su dace da abin da ke takarda. An sha sauya wa 504 inji, wannan ba laifi ba ne, amma a karɓi rasiɗin injin. Wadda PAN ta haɗa ba ta da takardar kwastam domin ba shigo da ita aka yi ba, wadda aka kawo daga waje kuwa dole a gan ta. Bayan ciniki sai a sauya sunan mai mota a hukumance, a sabunta lasisi, da takardar ingancin hawa titi, da inshorar da doka ta wajabta, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023.

Game da tallan Facebook da Jiji da zaurukan WhatsApp, ƙa'idar ba ta sauya ba: ba a tura ko kwabo, ko da sunan kafin alƙalami, kan motar da ido bai gani ba. Hoton 504 mai tsabta abu ne mai sauƙin ɗaukowa daga shafin wani Bafaranshe. A saka hoton a Google Lens a ga inda ya fara fitowa. A nemi kiran bidiyo, a ce mai motar ya nuna lambarta ya kuma tayar da ita a take. Ranar biya, a tura kuɗi ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da na takarda, a rubuta dalilin turawa, a ɗauki bidiyon miƙa makulli gaban shaidu, la'adar dillali kuma a yanke ta tun farko.

Zama da ita

Kuɗin saye somin-taɓi ne. Motar da ta yi shekaru a tsaye duk robobinta sun bushe: bututun birki, bututun fetur, bel, tayoyi. Taya na iya zama da zanenta cif amma ta mutu. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, FRSC kuma ta sha gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu. Waɗannan ake fara sauyawa kafin a yi tunanin fenti ko sifika. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a saye, motarsa za ta koma ƙarƙashin tamfol, sai dai a wani gidan.

Shan mai, kada a yarda da bakin mai sayarwa. A cika tanki, a kunna manhajar taswira ta ƙirga kilomita, a yi zirga-zirgar mako, a sake cikawa, a raba. Kafireto da aka saita da kyau da wanda aka yi wa gyaran dabara, bambancinsu a gidan mai ake gani. Masu tunanin mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG suna da hujja, domin injin kafireto ba shi da wuyar juyawa, wagon kuma na da wurin ajiye tukunya, ko da yake layin kujerun baya ko rabin but zai tafi. Amma a fara tabbatar da akwai inda za a riƙa sha kusa, kuma a je cibiyar da aka amince da ita. CNG na zama ne a matsin da ya kai bar 200, tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta ɗauka ba. Irin wannan tukunya ce ta tarwatse da wata mota a gidan gas a Benin cikin Oktoban 2024.

Kayan zamani suna shiga 504 ba tare da rigima ba, tunda lantarkinta volt 12 ne irin na kowace mota. Caja mai ramin USB, rediyo mai Bluetooth, kyamarar gaban mota, duk suna aiki. Sharaɗin shi ne mai waya ya ja musu sabon layi mai fiyus daga batir, kada ya ɗora su kan wayoyin da suka shekara arba'in ana yanka ana ɗaurewa. Na'urar bin sawu ta GPS ta cancanci kuɗinta, domin makullin tsohuwar mota ba ya hana ɓarawo komai. Sai dai akwai wani abu da masu sakawa kan manta: a motocin zamani na'urar na kashe mota daga nesa ta hanyar yanke wutar famfon fetur, famfon 504 mai kafireto kuwa inji ne ke juya shi, ba lantarki ba. Dole a ɗora ta kan wayar koyil, in ba haka ba za a danna kashewa a waya mota na ci gaba da tafiya. Na'urar kuma tana shan batir a hankali, motar da ake fitarwa ranar Juma'a kawai za ta riƙa wayar gari ba wuta.

Akwai abin da babu na'urar da za ta gyara. Fijo 504 ba ta da jakar iska, ba ta da birkin ABS, birkin bayan wagon ma na ganga ne, ƙirarta kuma ta shekarun 1960 ce. Nauyin ƙarfenta na sa mutane su ɗauka ta fi motocin yanzu kariya, alhali motar zamani an tsara gabanta ya murƙushe ne don ya shanye ƙarfin karo kafin ya kai ga mutum. Zagaya gari, zuwa ɗaurin aure, ɗaukar hoto a gindin ganuwa ko Dutsen Dala, duk ta dace. Kwasar iyali a hau titin Katsina da daddare ana tsere da Sharon kuwa wani lissafi ne daban. A tabbatar bel ɗin kujera na nan yana kamawa, a ajiye abin kashe gobara inda hannu zai kai.

Wanda har yanzu katakon ke ransa, hanyar da Ford ta bi shekara arba'in tana nan a buɗe. Masu manna wa motoci leda suna da mai zanen katako, kuma dogon gefen 504 wagon, miƙaƙƙe ba lanƙwasa da yawa, yana karɓarta da kyau. A gyara tsatsa tukuna, domin leda na rufe ta ne tana ci gaba da ci a ƙarƙashi. A zaɓi mai jure rana, in ba haka ba zafin watan Afrilu zai koɗar da ita ta fara ɓarewa daga gefe. A kuma tsaya a ƙofofi da gefen baya kawai, a bar rufi da bonet da asalin fentinsu, saboda launin mota a rubuce yake a takardunta, kuma jami'in da ya tsayar da ita a hanya takardar zai karanta.